Hannun Umma a Shafi na Sha Ɗaya

Ranar Alhamis, saura kwana biyu manyan Mai Zane su zo wurin Abba neman aurena, Dila ya faɗo mana gida bayan la'asar. Turarensa ya riga shi ɗaga labulen falo. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ke juye wa kansa rabin kwalba ya fito yana jin shi ɗan gayu ne ba, sai wannan bawan Allah.

Ina zaune a kan kafet ina duba aikin gida na 'yan ajina, don ni malamar aji uku ce a firamare. Ban ɗago ba. Shekara uku ke nan ba na ɗagowa in ya shigo, shi kuma shekara uku ke nan yana cewa kunya ce.

"Lale marhabin da ɗan albarka!" in ji Umma, har da kashe murya. Sannan ta juyo kaina da muryarta ta gaskiya. "Ke, makauniya ce? Tashi ki kawo ruwa."

"Ai ya san hanyar firij, Umma."

Yaya, wadda ta baro gidan mijinta tun safe don kawai ta taya Umma jimamin aurena, ta watso min harara, ta tashi ta kawo da kanta.

Bari in gaya muku waye Dila, kada ku ɗauka rashin kunya ce kawai ke damuna. Umma tana da shagon kayan kwalliya, kuma kusan duk kantocin shagon man ƙara haske ne. Dila ne ke haɗa man, ya ɗura a kwalabe, ya kawo mata. Ranar da ya fara cewa yana so na, ga kalaman da ya zaɓo:

"Wata uku kawai za ki ba ni bayan biki. Wallahi ke kanki ba za ki gane kanki a madubi ba."

Kun ji fa. Mutum ya zo neman aure da alƙawarin gyara, sai ka ce tsohuwar mota ya taya.

Ni ce baƙar gidanmu. Yaya da Auta farare ne, ko in ce sun zama farare, don akwai tsofaffin hotunan da ke faɗin wani zance dabam. In Umma tana fushi ba ta kiran sunana, sai dai "Baƙa". Kuma da wuya ka tarar da ita ba ta fushi da ni.

Shi kuwa Mai Zane, a bakin Umma "ɗan fenti" ne. Da can a kamfanin Dila yake aiki. Shi ya zana musu tambari, shi ke tsara takardun jikin kwalabe da manyan allunan talla na bakin titi. Wata rana Dila ya ba shi hoton wata yarinya ya ce ya ɗashe fatarta a kwamfuta, a sa "kafin" da "bayan". Mai Zane ya ce ba zai yi ba, ya kwashi fensiransa ya fito. Daga nan ya kama ɗaki guda a saman wani shagon ɗinki, ya kafa teburinsa mai gangare a jikin taga, ya shiga zana littattafan yara.

Wannan labarin ne ya kwashe min ƙafa, ba zan ɓoye ba. Na shiga ɗakin nan na ga bango cike da yara baƙaƙe sul, masu kumatu da giɓi da kitso a karkace, suna tuƙa jirgi, suna hawa kan kifi. A gefen tebur ga 'yan kwalabe bakwai, kowacce da irin baƙin da ya haɗa da hannunsa, daga mai ja-ja zuwa mai shuɗi-shuɗi. Ya ce min tun yana ƙarami, in ya buɗe kwalin kala, fensirin da ake kira launin fata ba na fatarsa ba ne. Ni kuwa sakarya na tsaya ina hawaye, ina cewa a raina Allah ya kawo min wanda ya gan ni.

Shekara uku na yi ina yaƙi a gidan nan. Na yi kuka, na yi yajin cin abinci, na kai ƙara wurin Goggo har sau huɗu. Da ƙyar Abba ya ce a turo ranar Asabar. Amma ya kafa sharaɗi a gaban kowa:

"In uwarki ta kawo min hujja guda ɗaya a kan yaron nan, hujja ba tsegumi ba, na fasa."

Tun daga ranar Umma ke neman hujja ruwa a jallo. Ta sa an bincika ko yana shaye-shaye, ba ya yi. Ta sa an bincika ko yana da wata, ba shi da ita. Abin da aka samo kawai shi ne yana magana da kyanwa.

To yau ga Dila ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da ambulan a cinya, baki har kunne.

"Hajiya, ni fa ba na son shiga abin da ba ruwana," ya ce, alhali kuwa ba shi da wata sana'a da ta wuce wannan. "Na je maɗaba'a karɓo takardun kwalabena, sai na tarar ana ɗaure wani littafi. Na ce bari in ɗauko wa yara. Ina buɗewa, wallahi sai da na nemi wuri na zauna."

Ya zaro littafin. Na gane bangon nan take, rawaya ne, da 'yar baƙar yarinya mai giɓi irin nawa. Sabon littafin Mai Zane ne, wanda ya shekara yana yi. Bangon kaɗai ya taɓa nuna min. Cikin kuwa ya ce sai an buga, kyauta ce yake shirya min.

"Shafi na sha ɗaya, Hajiya," in ji Dila. "Amma ki yi haƙuri, ki daure."

Umma ta lashi yatsa ta buɗe. Yaya ta leƙo ta kafaɗarta.

Suka ƙura wa shafin ido.

Sai Yaya ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Umma, ke ce!"

Na miƙe na zagayo. Na duba shafin.

Banɗaki ne aka zana. Ga 'yar baƙar yarinya zaune a cikin koren baho, ta cusa gefen tawul a baki tana cizo. A kanta wata mata ta sunkuyo, kwalabe sun kewaye ta. Fuskar matar fara tas, da ɗan tawadar Allah a gefen hanci, da girar nan ta hagu da ke ɗagewa in za a yi faɗa. Amma ba fuskar ce ta cika shafin ba, hannuwan ne. Fararen hannuwa, gaɓoɓin yatsu baƙaƙe ƙirin, da zobe mai koren dutse ya nutse a cikin nama. Suna murza wani farin abu a hannun yarinyar.

Umma ta dubi shafin, ta dubi hannunta da ke riƙe da shi. Zoben yana nan a inda aka zana shi.

Na san inda ya samo fuskar. Sau ɗaya tak ya taɓa shigowa gaishe ta, ta bar shi a tsugune kusan minti arba'in tana waya da wata mai sayen kaya. Shi kuwa in aka bar shi zaune, hannunsa ba ya zama. Na gan shi ranar yana 'yan zane-zane a bayan wata ambulan, na ɗauka jin nauyi ne ya sa shi wasa da fensir.

Bahon kuwa, da tawul ɗin, ni na ba shi su da bakina.

"Ni?" Umma ta ce a hankali. Sai kuma ta yi tsalle ta dire. "Ni ɗan fentin nan zai mai da dodanniya? Ni zai buga a littafi a raba wa 'ya'yan duniya? Alhaji! Alhaji, fito ka ga hujja!"

"Ai dubu huɗu aka buga," in ji Dila, yana kurɓar ruwa. "Na tambaya."

Ta juyo kaina, idonta jawur.

"Baƙa, ke kika sa shi."

"Wallahi Umma ban taɓa ganin shafin nan ba sai yanzu."

"Rufe min baki, munafuka! Wa ya san kalar bahon gidan nan na shekara ashirin da suka wuce? Aljani ne ya gaya masa?"

Yaya ta fizge wayata daga kan kujera, ta kira Mai Zane da kanta, ta ce ya zo yanzu-yanzu Abba na nemansa.

Abba ya fito daga ɗakinsa da tabarau a hannu. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum ne da ba a gaggauta shi. Umma ta cusa masa littafin a buɗe.

"Ga shi nan. Ka ce hujja, ga hujja. Duba abin da surukin naka ya yi wa matarka."

Abba ya dubi shafin, ya rufe littafin, ya zauna, ya buɗe daga shafin farko.

"Alhaji, sha ɗaya na ce!"

"Na ji. Ni ba na fara karatu daga tsakiya."

Haka muka tsaya cirko-cirko yana bin layi da yatsa. Bai kai shafi na shida ba aka yi sallama.

Mai Zane ne, da rigar aikinsa mai ɗigon tawada a aljihu, yana haki don da gudu ya taho. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya gaida Umma. Da ya hango rawayan bango a hannun Abba, wallahi murmushi ya yi. Murmushi! Sai da ya ga Dila a kan kujera sannan ya sha jinin jikinsa.

"Kai, ɗan fenti," in ji Umma. "Wace ce wannan a shafi na sha ɗaya?"

"Umma, ai... labari ne. Sunanta Mai Kwalabe."

"Ban tambaye ka sunanta ba. Fuskar wa ka sa mata?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na gwada fuskoki da yawa, Umma. Ba wadda ta zauna. Sai wannan."

"Ba wadda ta zauna," Yaya ta maimaita tana tafa hannu. "Kun ji ɗan iska? Kamar yana maganar hula."

"Ba da nufin cin mutunci na yi ba, wallahi. Ni in na ga abu, haka yake fitowa. Ban iya rage shi ba."

"Ai shi ya sa na kore shi," in ji Dila. "Ba shi da ladabin aiki."

"Ba ka kore ni ba, ni na tafi."

"Ku yi min shiru," in ji Abba, bai ɗago ba.

Ya kai sha ɗaya, ya daɗe a kai. Umma ta riƙe ƙugu tana jiran hukunci, har ta fara gyara ɗaurin ɗankwali. Amma Abba bai tsaya ba, ya juya zuwa sha biyu.

A nan yatsansa ya tsaya cak.

Ban ga shafin ba daga inda nake, amma na ga fuskar Abba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Mamana," ya ce, don haka yake kirana. "Zo nan. Naɗe hannun rigarki."

Ina da tabo a hannun dama, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, fari-fari mai tattara, kusan faɗin tafin yaro. Shi ya sa ko ana zafi kamar me ba na sa guntun hannu.

Na naɗe. Abba ya kama hannuna ya ajiye shi kusa da shafin. Yarinyar littafin tana zaune a bayan ƙofa tana duba hannunta, kuma tabon nan yana nan, wurinsa ɗaya, fasalinsa ɗaya, har da 'yar kusurwar da ta lanƙwasa ta sama.

Abba ya ɗago ya dubi Umma.

"Ruwan zafi kika ce min."

Umma ta kau da kai.

"Na dawo daga aiki na tarar da hannun yarinyar nan a naɗe. Kika ce butar shayi ta jawo. Har na yi mata faɗan rawar kai, tana kwance tana zazzaɓi. Shekararta bakwai." Muryarsa ko tashi ba ta yi ba. "Butar shayi ce, ko abin da ke shafi na sha ɗaya ne?"

"Alhaji, yanzu maganar ɗan fenti za ka..."

"Ke nake tambaya."

Sai Umma ta fashe da kuka, irin kukan da ke zuwa da faɗa a ciki.

"Gata na yi mata! Gata! Kai ka san abin da ake ce min in na fita da su uku? A ce wannan 'yar aikinku ce? A ce ina kika samo ta? Ni na san abin da na sha da nake budurwa, ni ma haka nake, ba wanda ya kalle ni sau biyu. Na ce 'yata ba za ta sha irinsa ba. Wadda ta ba ni haɗin ta ce minti goma za a bar shi. Na ce bari in ƙara kaɗan ya fi kamawa. Na san zai ci fata ne? Na sani ne?"

"Kika bar ni shekara ashirin ina cewa yarinya ce ta yi ɓarna."

"To me zan ce maka? Me zan ce?"

Yaya ta koma jikin bango. Tana bakin ƙofar banɗakin ranar, ita da Auta, suna leƙe. Ta sani sarai.

Dila ya gyara murya. Shi fa har yanzu bai gane motarsa ta faɗa rami ba.

"Ai Alhaji wannan haɗin gargajiya ne na da. Namu na yanzu an gwada shi, akwai ma wanda ke goge irin wannan tabon cikin..."

"Kai," in ji Abba. "Tashi ka fitar min daga gida. Kuma ka bar labulen a ɗage, wurin ya sha iska."

Ban taɓa ganin ƙaton mutum ya nemi takalmansa da sauri haka ba. Har ya manta makullin mota sai da ya dawo.

Abba ya rufe littafin ya ɗora a gwiwa. Ya dubi Mai Zane da ke durƙushe har yanzu.

"Abin da ka yi wa uwar yarinyar nan rashin ɗa'a ne, kuma za ka ba ta haƙuri. Amma na ce a kawo min hujja a kanka, sai ga shi an kawo min hujja a kan gidana. Ka gaya wa manyanka Asabar tana nan."

Umma ta saki wata ƙara ta shige ɗaki, Yaya ta bi ta. Abba ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Raka shi, Mamana."

Na ja mayafina na bi bayansa. Muka ratsa tsakar gida, muka wuce igiyar shanya, muka isa ƙofar waje. Nan ya juyo, fuskarsa sai sheƙi take yi.

"Malama, mun ci! Kin ji abin da Abba ya ce? Shekara uku! Wallahi da na shigo na ga mutumin nan na ce shi ke nan, an gama da ni. Ashe littafin ne ma zai..."

"Wa ya ba ka?"

Ya tsaya. "Me?"

"Bahon. Tawul ɗin. Hannuna. Wa ya ba ka su?"

"Ke kika ba ni labarin."

"Na ba ka labari. Ranar da Umma ta bar ka a tsugune, na biyo ka ɗakin aikinka ina ba ka haƙuri. Ka tambaye ni me ya same ni a hannu. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Goggo, ko ƙawata. Na naɗe riga na nuna maka ina kuka kamar raina zai fita. Ka ce, wannan tsakanina da ke ne. Ko ba haka ka ce ba?"

"Haka na ce. Amma ai ban sa sunanki ba."

"Ka sa giɓina. Ka sa zoben uwata. Suna kuma na mene ne?"

"Malama, ki tsaya ki ji." Ya matso, ya rage murya, irin muryar nan da a da take narkar da ni. "Kin san yara nawa ake yi wa haka? Yau ɗin nan, a wani banɗaki, akwai yarinyar da ke cizon tawul. In ta buɗe littafin nan ta ga kanta, ta ga a ƙarshe yarinyar ta miƙe ta ce ita ba datti ba ce da za a wanke, kin san abin da zai yi mata? Don ke na yi. Don ke da irinki."

"Don ni."

"Wallahi. Sau goma sha huɗu na zana hannuwan nan kafin su fito. Tun da nake zane ban taɓa yin shafin da ya kai shi ba. Mai maɗaba'ar da kansa sai da ya kira ni ya ce..."

Na dube shi. Idonsa har wani haske yake yi. Uwata tana ɗaki tana kuka, auren iyayena na shekara talatin da biyar ya tsage a gabansa, shi kuma yana ba ni labarin yabon mai maɗaba'a.

Wannan ne mutumin da na yi wa yajin cin abinci. Kaicona.

Hawaye suka zubo min, kuma na ji haushin zubowarsu.

"Ka san bambancinka da Dila? Shi ya dube ni ya ga abin da zai goge. Kai ka dube ni ka ga abin da za ka zana. Ina kuka a gabanka, ashe kai fasalin tabon kake haddacewa. Har kusurwar ba ka manta ba."

"Haba Malama, kada ki haɗa ni da mutumin nan."

"Shi aƙalla ya faɗa min abin da zai yi da ni tun ranar farko."

"Ba ki ga alherin da ya fito ba? Abba ya san gaskiya yanzu. Shekara ashirin ana ɗora miki laifi."

"Kana tsammani ban san hanyar ɗakin Abba ba ne? Kullum ina wucewa ta ƙofarsa. Da na so ya sani, da ya sani tun ina aji biyu. Ni na zaɓi in yi shiru. Uwata ce. Na tsani abin da ta yi min, har gobe ban yafe ba, amma ni ke da ikon cewa yau ce ranar ko ba yau ba. Abu ɗaya ke nan da ya rage a hannuna a duk maganar nan, shi ma ka ɗauke."

Ya yi wuƙi-wuƙi. Can ƙasan titi wani mai gyaran babur yana ta buga ƙarfe.

"Ina aka kai littattafan?" na tambaya.

"Makarantu talatin ne suka karɓa."

"Har da tamu?"

Ya mai da idonsa kan titi.

"Har da tamu?"

"Na so ne ki shiga aji ranar Litinin ki tarar da shi a kan teburinki. Na roƙi shugabarku ta sa a fara da aji uku."

Dariya ta kufce min, ga hawaye ga majina. Yara arba'in da biyu gare ni, kuma babu wanda bai taɓa ganin tabon nan ba in hannun rigata ya zame ina share allo. Rabin iyayensu mata a shagon Umma suke sayayya. Wannan ce kyautar da aka shekara ana shirya min.

"Zan je a janye na makarantarku," ya ce da sauri. "Gobe da sassafe. In an zo bugu na biyu zan canja fuskar, in cire zoben. Tabon ma zan iya mai da shi hannun hagu."

"Hannun hagu. Allah ya saka da alheri."

"To me kike so in yi? Faɗa min, zan yi."

Na goge fuskata da gefen mayafi.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kai da kake taƙama ba ka iya rage gaskiya ba, kada ka fara yau. Sau uku ka turo min bangon littafin nan kana tambayata wace rawaya ta fi. Ka tambaye ni ko rubutun ya yi girma. Ka tambaye ni ko a sa wa kyanwar littafin jela. Shafi na sha ɗaya kuwa, shekara guda kana kansa, ba ka tambaye ni ko sau ɗaya ba. Mantawa ka yi?"

Ya dubi ƙasa. Ya dubi ɗigon tawadar aljihunsa. Na jira shi, ban taimake shi da ko kalma ɗaya ba.

"Ban manta ba," ya ce daga ƙarshe.

"To don me?"

"Na san za ki ce a'a."

Da ƙarya ya yi min, wataƙila da na sami inda zan raɓe in yafe masa. Amma ya faɗe ta a fili, har da ɗan sakin ajiyar zuciya, kamar ya sauke kaya.

Na buɗe ƙofar na matsa gefe.

"To ga ta nan, ta iso a makare. A'a. Kada ka wahalar da tsofaffi ranar Asabar."

"Malama, Abba fa ya yarda!"

"Abba ya yarda. Je ka auri Abba."

Ya fita da baya-baya yana kiran sunana, yana cewa in bari mu yi magana gobe in na huce. Na tura ƙofar ta rufu a tsakaninmu. Ina son sa har lokacin, wannan ne abin takaicin, kuma sai da na gwada sau uku kafin sakatar ta shiga.